Shari'ar Allah ta ƙarshe: wa za a yi wa, wa zai yi, kuma ambaliya hukunci ce?

Ɗan'uwana malamin Sande Sukul, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. In na fahimci saƙonka da kyau abu biyu ne suka haɗe maka. Matasan ajinka suna so su sani ko shari'ar Allah ta ƙarshe guda ɗaya ce ko kashi-kashi ce, kuma ko mai bi shima zai tsaya a gabanta, sannan wani yaro ya miƙe ya ce ambaliyar da ta ci Maiduguri a watan Satumba 2024 hukuncin Allah ne na ƙarshen zamani a kan garin, akayi ta gardama har lokaci ya ƙare kai kuma baka san ta inda zaka raba su ba. Toh bari in fara da ta biyun tunda ita tafi zafi.

Wannan yaron ka ja shi gefe, ba a gaban aji ba, ka buɗe masa Luka 13 daga aya 1 zuwa 5 ya karanta da bakinsa. Wasu ne suka zo wa Yesu da labarin Galilawan da Bilatus ya sa aka kashe suna tsakiyar miƙa hadaya har jininsu ya gauraya da na dabbobin. Yesu ya san abun da ke ransu, sai ya tambaye su wai kuna tsammani waɗannan sun fi sauran Galilawa zunubi ne, ya ce a'a. Ya ƙara da nashi labarin, na mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta rufto musu suka mutu, ya sake cewa a'a, basu fi sauran mutanen Urushalima laifi ba, amma ku in baku tuba ba duk zaku hallaka. Kaga kenan an kawo masa maganar zunubin matattu shi kuma ya maida ta kan masu rai da ke tsaye gabansa. Haka yayi a Yohanna 9 da almajirai suka tambaya wa yayi zunubi aka haifi mutumin nan makaho. Kuma a ƙarshen littafin Ayuba waɗanda Allah yayi fushi dasu abokan nan ne da suka dage cewa wahalar Ayuba dole sakamakon laifinsa ce.

Ruwan Maiduguri dai madatsar Alau ce ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama, kuma ruwan bai tsaya ƙofar kowa ya tambayi addininsa ba, ya shiga masallaci ya shiga majami'a, ya shiga kasuwa da asibiti da gidan yari har gidan zoo. Madatsar nan ta taɓa jawo irin wannan ambaliya a 1994. Ni abun da yake damuna da saurin cewa "hukuncin Allah ne" shine yana wanke mutanen da ya kamata a tambaya game da gyara da gargaɗi da kwashe jama'a, sannan yana sa mai faɗa yaji kamar shi fa yana gefen Allah yana kallo, maimakon ya ɗauki kwanon abinci da bargo ya nufi sansanin waɗanda ruwa ya kora.

Zai ce maka ai Allah ya hukunta mutanen Nuhu da ruwa, ya hukunta Saduma, ya miƙa Urushalima ga Babila a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Gaskiya ne, Littafi Mai Tsarki bai ɓoye cewa Allah yana hukunci a cikin tarihi ba. Amma a waɗannan wuraren Allah ne da kansa ya faɗa ta bakin wanda ya aiko, kuma yawanci tun kafin abun ya faru, Irmiya ya shekara da shekaru yana gargaɗi har aka jefa shi rijiya. Shi wannan yaron wa ya aiko shi? Sannan ka duba yadda annabawan suke tafiyar da maganar. Amos ya fara da Dimashƙu, ya bi ta Gaza, Taya, Edom, Ammon, Mowab, masu sauraro a Isra'ila suna jin daɗi ana zazzage maƙiyansu, sai ya sauka kan Yahuza, sai ya sauka kansu, ya ce suna sayar da mai gaskiya don azurfa, matalauci kuma don takalmi. A sura 5 ya ce kaiton masu marmarin ranar Ubangiji, duhu ce ba haske ba, kamar mutum ya tsere wa zaki ya faɗa hannun wata dabbar, ya samu ya shige gida ya dafa bango maciji ya sare shi. Bitrus ma ya faɗa a wasiƙarsa ta fari 4:17 cewa shari'a daga gidan Allah take farawa. Saboda haka in Kirista zai yi maganar hukunci ta hanyar da annabawa suka yi, da ikkilisiyarsa zai fara.

Batun alamu kuma, Matta 24:6-8 ya ambaci yaƙe-yaƙe da jita-jitar yaƙi da yunwa da girgizar ƙasa, amma mutane suna tsallake rabin maganar inda ya ce kada ku firgita, ƙarshen bai zo ba tukuna, mafarin naƙuda ne kawai. Kuma wani ɓangare na surar yana magana ne kan rushewar haikali, wanda ya faru a shekara ta 70 miladiyya lokacin da sojojin Roma ƙarƙashin Titus suka ƙone Urushalima.

Yanzu tambaya ta fari. Akwai abun da duk Kirista suka yarda dashi, Katolika ne, Anglican, Lutheran, Baftis, ECWA, COCIN, EYN, ko 'yan Fentikos, kuma yana nan cikin shaidar bangaskiya tun taron Nikiya na shekara ta 325: Yesu zai sake dawowa ya shari'anta masu rai da matattu. Matattu zasu tashi da jiki, masu adalci da marasa adalci (Daniyel 12:2, Yohanna 5:28-29), abun da aka ɓoye zai fito fili har nufin zuciya (1 Korintiyawa 4:5), kuma babu ɗaukaka ƙara. Maƙwabtanmu Musulmi suma sun yarda da tashin ƙiyama da hisabi da dawowar Annabi Isa, shi yasa in ana hira a majalisa zaka ji kamar magana ɗaya ake yi, amma inda muka rabu shine wa ke kan kujerar. A wurinmu Almasihu ne alƙalin. Yohanna 5:22 ya ce Uba ya danƙa dukan shari'a a hannun Ɗan, Bulus kuma ya faɗa wa mutanen Atina cewa Allah ya sa rana da zai yi wa duniya shari'ar gaskiya ta wurin mutumin da ya zaɓa, shaidar kuwa ita ce ya tashe shi daga matattu (Ayyukan Manzanni 17:31). Wannan ba ƙaramar magana bace. Wanda zai yanke hukuncin shi kansa an taɓa gurfanar dashi cikin dare, aka kawo shaidun zur, alƙalin ya ce bai sami laifi a gare shi ba amma ya wanke hannu ya miƙa shi saboda tsoron taro. Ya san yadda shari'ar zalunci take a jikinsa.

Toh mai bi fa? Nan ne matasa suke rikicewa saboda ayoyi biyu ne kamar suna karo. Yohanna 5:24 ya ce wanda ya ji maganata ya gaskata ba zai shiga hukunci ba, ya riga ya ƙetare daga mutuwa zuwa rai, Romawa 8:1 ya ce babu sauran hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Amma Bulus ɗin nan dai shine ya rubuta wa masu bi a 2 Korintiyawa 5:10 cewa dole dukanmu mu bayyana gaban kursiyin shari'a na Almasihu kowa ya karɓi sakamakon abun da yayi cikin jiki, mai kyau ko mugu, kuma ya sa kansa a ciki. Amsar ita ce eh, mai bi zai tsaya, zai bada lissafi, abun da ba zai same shi ba shine hukuncin hallaka. Ka lura da Ru'ya ta Yohanna 20:11-15, wurin babban farin kursiyi. An buɗe littattafai, aka yi wa matattu shari'a bisa ayyukansu da ke rubuce, sannan aka buɗe wani littafi daban, littafin rai, kuma wanda ba a sami sunansa a cikin wannan ba shi aka jefa tafkin wuta. Littattafan ayyuka suna nuna gaskiyar mutum, littafin rai kuwa na Ɗan Ragon ne, ba da aiki ake sayen shiga cikinsa ba.

Yadda nake bayyana wa ɗalibai shine, ka tuna lokacin noma in uba ya raba wa 'ya'yansa kunya-kunya ya tafi, da yamma ya dawo yana bin gonar yana dubawa. Ba ya zo ne ya tantance wane ne ɗansa ba, wannan an gama shi tun ranar suna. Amma akwai wanda ya nome tsaf ya cire ciyawar da saiwarta, akwai wanda ya share kanta kawai ya tura ƙasa ya rufe don ya riga kowa zuwa inuwa, daga nesa duk kunyoyin iri ɗaya ne, sai anyi ruwa kwana biyu kaga ta wancan tayi kore shar. Dukansu zasu ci tuwon dare a gidan, amma ba da fuska ɗaya zasu zauna gaban baban ba. Abun da 1 Korintiyawa 3:10-15 ke faɗa kenan da nashi kalmomin: harsashi ɗaya ne, Almasihu, wani ya ɗora zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja, wani ya ɗora itace da ciyawa da kara, wuta zata gwada, wanda aikinsa ya ƙone zai yi hasara, shi dai zai tsira amma kamar wanda aka fizgo daga gobara.

Sai dai kada ka bari su ɗauki wannan su maida shi lasisi, don akwai wanda ba ɗan gidan bane sam yana dai kwana a zaure. Matta 7:21-23 yana maganar mutanen da zasu ce Ubangiji, Ubangiji, ba da sunanka muka yi annabci ba, muka fitar da aljanu, muka yi al'ajibai, ya ce ban taɓa saninku ba. Waɗannan fa ba mashaya bane, masu riƙe da makirfon ne. Kuma Matta 25:31-46, tumaki da awaki, ni a ganina shine nassin da ya kamata ka daɗe a kansa da ajin fiye da kowanne, saboda shine inda Yesu da kansa ya zana ranar dalla-dalla, kuma abun da ya lissafa zai baka mamaki. Na ji yunwa, na ji ƙishi, na zo baƙo, ina huntu, ina ciwo, ina kurkuku. Bai tambayi wa ya iya lissafin makonni 70 na Daniyel ba, bai tambayi ɗarika ba. Kuma duka ɓangarorin biyu mamaki suka yi, na dama suna cewa yaushe muka ganka, na hagu ma suna cewa yaushe muka ganka. Na hagun nan ba a ce sun yi kisa ko sata ba, wucewa kawai suka yi. Malamai suna da saɓani kan ko "'yan'uwana mafi ƙanƙanta" masu bi ne kaɗai ko duk wani mabukaci, amma kowanne ka ɗauka gwauruwar da ke zaune a bencin baya da 'ya'ya huɗu ba kuɗin makaranta tana ciki. Ba wai ciyar da mayunwaci ne ke sayen ceto ba, shaida ce ta cewa bangaskiyar tana da rai, kamar yadda Yakubu ya ce bangaskiya ba ayyuka matacciya ce.

Mu masu koyarwa kuma namu yafi tsanani, Yakubu 3:1, ni da kai duka. Kuɗin baiko da aka karkatar, dattijon da aka rufa wa asiri don shi ya sayi kwanon rufin majami'a, 'yar aikin gida da aka ɗauko daga ƙauye aka riƙe mata albashi wata da watanni, Yakubu 5:4 ya ce hakkin ma'aikatan da aka danne yana kuka kuma kukan ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. In ana wa'azin ƙarshen zamani ba kasafai ake taɓo nan ba, an fi son maganar Rasha da Iran.

Sai batun ko shari'ar ɗaya ce ko kashi-kashi. Inaga ka taɓa ganin dogon zanen nan na ƙyalle da masu wa'azin falkaswa suke ratayawa a bangon majami'a da dare ana haska shi da fitila, layi ya taso daga Adamu ya bi ta gicciye, sai kibiya ta yi sama an rubuta fyaucewa, wato ɗauke masu bi zuwa sama su sadu da Almasihu, sai akwatin shekara 7 na babban tsanani da hoton dabba mai kawuna, sai kibiya ta sauko, sai shekara 1000, sai farin kursiyi a can ƙarshe da jan fenti a ƙarƙashinsa. A wannan tsarin shari'a aƙalla uku ce: kursiyin Almasihu na masu bi bayan fyaucewa domin lada, shari'ar al'ummai ta tumaki da awaki in ya sauko kafin mulkin shekara 1000, sai farin kursiyi na marasa bi bayan shekara dubun. Da yawanmu a ikkilisiyoyin bishara na arewa da wannan muka tashi har muna ɗauka shine kaɗai abun da Kirista suka taɓa koyarwa. Amma tsarin a yadda yake ɗin nan, da fyaucewa a ɓoye kafin tsanani, wani mai wa'azi John Nelson Darby ne ya tsara shi a wajajen 1830 a Birtaniya, ya yaɗu a Amurka musamman ta Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield da ya fito a 1909, daga nan ya shiga makarantun da suka horar da 'yan mishan da yawa da suka zo ƙasarmu.

Iyayen ikkilisiya na farko irin su Justin da Irenaeus sun yarda da mulkin shekara 1000 a duniya bayan dawowar Almasihu, amma dawowa ɗaya suka sani, a fili, bayan ikkilisiya ta sha tsanani. Augustine kuma, bishop ɗin Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya ɗauki shekara dubun a matsayin wannan zamanin na ikkilisiya, daga zuwan Almasihu na fari zuwa na biyu, sai tashin matattu ɗaya da shari'a ɗaya. Wannan ne Katolika da Lutheran da yawancin masu bin koyarwar Calvin suka riƙe. Katolika suna ƙara bambanta shari'ar mutum shi kaɗai da zarar ya mutu (Ibraniyawa 9:27) da ta gama-gari a rana ta ƙarshe, suna kuma koyar da wurin tsarkakewa, inda ake tsarkake ran mai bi bayan mutuwa kafin ya shiga sama, wanda mu Furotesta bamu karɓa ba.

In ka tambaye ni, nafi karkata ga cewa rana ɗaya ce nassosi suke kallo ta fuskoki daban-daban. Yohanna 5:28-29 ya sa tashin masu kirki da na masu mugunta a sa'a guda. Misalin alkama da zawan a Matta 13 ya ce a bar su tare har girbi. Kuma 1 Tasalonikawa 4:13-18 da ake kafa fyaucewar ɓoye a kansa ya cika da ƙara, akwai kira mai ƙarfi da muryar babban mala'ika da ƙahon Allah, ban ga ɓoyo a nan ba, kuma Bulus ya rubuta shi ne don ta'azantar da waɗanda aka yi wa rasuwa, shi yasa muke karanta shi a bakin kabari. Amma ina da abokan hidima masu tsoron Allah da suka fi ni karatu da suke kan ɗaya ra'ayin, kuma shekara 1000 ɗin a sura ɗaya tak aka ambace ta, Ru'ya 20, ba abun raba zumunci bane. Kai dai ka koyar da matsayin ikkilisiyarka tunda ita ta baka ajin, amma ka gaya musu gaskiya cewa akwai wasu masu bi na ƙwarai da suke karanta shi daban, don ranar da suka shiga jami'a suka ji wani ra'ayi kada su ɗauka an yaudare su tun daga Farawa.

Abun da ba ra'ayi bane shine sa ranar dawowar Almasihu. Matta 24:36 ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar, ko mala'iku, ko Ɗan, sai Uban. William Miller a Amurka ya lissafa daga Daniyel, mabiyansa suka tsaya kan 22 ga Oktoba 1844, wasu suka bar gonaki ba girbi, gari ya waye ba komai. Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, da ta wuce ya matsar zuwa Oktoba. A Satumba 2025 ma wani ɗan Afirka ta Kudu ya sa rana ta zagaye TikTok da WhatsApp har ta iso wayoyin matan zumunta. Wannan ma da sauƙi. A Kanungu ta Uganda a Maris 2000 mutum sama da 700 suka mutu a hannun wata ƙungiya bayan ranar da shugabanninta suka sa ta wuce, a dajin Shakahola na Kenya kuma daga 2023 an tono gawa sama da 400 na mutanen da aka sa su azumi har mutuwa wai su sadu da Yesu. Ba a nesa abun yake ba.

Akwai kuma dalilin da yasa aka bamu wannan koyarwar tun farko, wanda masu tsoratarwa suke mantawa. Ru'ya ta Yohanna wasiƙa ce daga wani ɗan gudun hijira na dole a tsibirin Batmos zuwa ga ikkilisiyoyi 7 a yammacin Turkiyya ta yau, yawancin masana suna sa ta wajajen shekara ta 95 zamanin sarki Domitian, mutane ne da ake matsa wa su yi wa sarkin Roma sujada, an riga an kashe ɗayansu mai suna Antibas a Birgamas. A sura 6:9-11 rayukan waɗanda aka yanka suna ƙarƙashin bagade suna kuka, har yaushe ya Ubangiji ba zaka yi shari'a ka rama jininmu ba. Ba a tsawata musu ba, aka basu fararen riguna aka ce su ɗan ƙara jira. Ka karanta wannan a gaban matan da suka binne mazajensu a rami ɗaya, waɗanda har yau ba a kama ko mutum ɗaya ba, zaka ga ba sa bukatar sharhi. A gare su ranar shari'a albishir ce, cewa fayil ɗin da ya ɓace a ofis bai ɓace a sama ba. Sura 18 ma da ta lissafa kayan kasuwar Babila, zinariya, siliki, hauren giwa, alkama, dawakai, ta rufe lissafin da bayi da rayukan mutane, wato Allah yana ƙirga har waɗanda aka maida haja.

Kuma wannan ne yake karɓe adda daga hannunmu. Romawa 12:19 ya ce kada ku rama, ku bar wa fushin Allah wuri, ramako nawa ne. Ba a hana ka kai ƙara ba, ba a hana ka neman gwamnati tayi aikinta ba, sura ta gaba ma ta ce don haka aka ba mai mulki takobi. Amma saurayin da ya tare hanya ya kashe matafiyin da bai san komai ba wai ramuwa, ya nuna bai gaskata akwai ranar ba, kuma ya buɗe wa kansa shafi a littattafan nan. Da Yakubu da Yohanna suka nemi a kira wuta kan ƙauyen Samariyawa, tsawa suka sha (Luka 9:51-56). Abu mafi wuyar haɗiya shine jinkirin da muke kuka dashi, 2 Bitrus 3:9 ya ce haƙuri ne don ba ya son kowa ya hallaka, kuma "kowa" ɗin nan ya haɗa da wanda ya ƙona ƙauyenku. Shawulu, wanda daga baya ya zama manzo Bulus, yana tsaye yana gadin riguna aka jejjefe Istifanas. Ban ce abu ne mai daɗi ba, amma haka yake a rubuce.

Zasu tambaye ka kakanninmu fa da suka mutu kafin bishara ta iso, don a wurare da yawa a arewa bata fi shekara 100 da 'yan kai ba. Kada ka yanke musu hukunci kada kuma ka basu tikiti. Romawa 2:12-16 ya ce kowa za a auna shi da hasken da ya samu, lamiri yana shaida. Luka 12:47-48 ya bambanta bawan da ya san nufin maigida da wanda bai sani ba, ɗaya duka da yawa ɗaya kaɗan, Matta 11 kuma ya ce Saduma zata fi Kafarnahum samun sauƙi saboda Kafarnahum ta ga al'ajibai. Wato mu da muke da Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932 mune a wurin Kafarnahum. Ibrahim ya tambaya ko mai shari'ar dukan duniya ba zai yi daidai ba, a nan nake tsayawa. Game da wuta kuma, yawancin ikkilisiya a tarihi sun koyar da hukunci na har abada bisa Matta 25:46, akwai 'yan tsiraru da suke ganin ƙarshen mugu hallaka ce gaba ɗaya, ra'ayin da ake jingina wa Origen, wani malamin ikkilisiyar farko, na cewa kowa zai dawo a ƙarshe kuma ikkilisiya ta ƙi shi. Ko wanne ne, in kaga mai wa'azi yana maganar wuta yana murmushi ka tuna masa Ezekiyel 33:11, Allah ya ce ba ya jin daɗin mutuwar mugu.

Sai abun da ka ƙara a ƙasan saƙon, cewa mahaifiyarka ta ƙi yin NIN wai 666 ne, lambar alamar dabbar nan ta Ru'ya 13. An faɗi haka kan BVN, an faɗa kan allurar korona da 5G, an faɗa lokacin canjin kuɗi na 2023. Ka zauna da Mama ku karanta Ru'ya 13 tare a hankali, da ladabi. Alamar a nan a haɗe take da yi wa dabbar sujada, kuma sura 14 ta buɗe da waɗanda ke da sunan Ɗan Ragon da na Ubansa a goshinsu, wanda ba mai cewa tambari ne na tawada, maganar wa ka miƙa wa kanka ce. Lambar kanta masana da yawa suna ganin sunan sarki Nero ne in aka lissafa haruffansa da Ibrananci, shi yasa wasu tsofaffin kwafi suke da 616. Ko da akwai cikarta a gaba, ba abu bane da za a ɗana wa mai bi ta bayan fage a layin rajista yana riƙe da takardar haihuwa, musun Almasihu ne da ido biyu. Yusufu da Maryamu ma ƙidayar Kaisar Augustus ce ta kai su Baitalami. Ka raka ta ofishin da kanka da sassafe kafin layi yayi tsawo, ka tafi mata da kujera da ruwa, in ba haka ba layin wayarta da asusun bankinta ne zasu samu matsala.